Tungar Na-Allah Ba Ta Kan Taswira

Malanville, 8 ga Janairu 2024

Zuwa ga ƙanena Khalidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zaituna da yara. Mu nan lafiya lau, sai Baba Sumaila da gwiwa ta hana ma sallah a tsaye. In ka manta mai rubuto maka, Barakatu ce, yayarka mai albasa. Kakana Na-Allah, mahaifin Baba Sumaila, da kakanka Badaru ciki ɗaya sunka fito. Tun rasuwar babanka ka yi ɓatan dabo a kudu, ko da sallah ba mu ganin ƙeyarka, shi ya sa na jero maka dangantakar tun daga tushe.

Kar ka yi mamakin takarda alhali ga waya. Maganar soja ce, kuma a wanga lokaci ba mai hankalin da ke zancen soja a waya a bakin iyaka. Latifu direban babbar motar fasinja zai kawo maka, shi za ka riƙa ba amsa.

Ka san Tungar Na-Allah, bakin gulbi tsakanin Garou da Madécali, ko ba ka taka ta ba ka ji ta a bakin babanka. Tun babbar ambaliya, kafin a haife ni, mutanenmu sunka tashi, wasu Garou, wasu nan Malanville. Amma ba mu taɓa barin noman wurin ba, ba mu kuma daina kai gawarmu can ba. Can Na-Allah yake kwance, can kakanka yake, can munka kai Inna Habiba matar Baba shekara biyu da sunka wuce, Baba ya sa anka bar mishi wuri a gefenta.

Watan jiya soja sunka zo da mota biyu, sunka kakkafa turakun siminti tun daga hanya har ruwa. Tungar duka ta faɗa ciki, da kufai, da gonakin albasa, da maƙabarta. Sun ce filin soja ne tun zamanin Anasara, za a ja waya a yi sansani. Ban ce kar a tsare mu ba, ni ma ina jin abin da ke faruwa a daji. Amma delege, wakilin hukuma na gari, ya ce kwamiti zai zauna ranar 4 ga Maris, wanda duk ya kawo takardar da ta nuna akwai gari a wurinshi kafin a shata filin, za a kauce mishi da wayar. Takarda kuma! Mu da ko shekarun Baba da yunwa da ambaliya ake ƙirga su.

Kai ne mai awon fili a zuri'ar nan, kai ka san ɗakunan da ake ajiye tsoffin takardu. An ce Anasara ba su bar ko kan tudu ba sai da sunka zana shi. Ka nemo mana taswirarsu da ta nuna tungarmu. Baba ya rage cin abinci, kullum yana zaune yana kallon hanyar Garou. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau na roƙe ka.

Yayarka,
Barakatu

Porto-Novo, 21 ga Janairu 2024

Yaya Barakatu,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma sha faɗan da na cancanta. Muna lafiya, Zaituna tana gaishe ki, ta ce albasar da kika haɗo da ita ta fi ta kasuwar nan nesa ba kusa ba. Ki durƙusa mini gaban Baba Sumaila ki gaishe shi, Allah ya ba shi sauƙin gwiwa.

Ban zauna ba. Sau uku ina zuwa wani ɗakin ajiye tsoffin takardun gwamnati, akwai wani dattijo can da muka saba ta wajen aiki. A rajistarsa mun ga an lissafa taswira biyu na wajenku. Ɗaya ta 1942 ce, wani hafsan sojan Faransa ya zana ta da ƙafarsa, yana tafe yana awo, har da littafin da yake rubuta abin da ya gani kowace rana. Ɗayar ta bayan shekara goma sha ce, daga hoton jirgin sama aka yi ta.

Ta 1942 ita ce abin nema. Irin waɗannan mutane ba sa tsallake komai, Yaya. Kowane tudu da kwari suna da layinsu, kowace bukka ɗigo ne baƙi, har itace babba yana da alamarsa. In da bukka goma a wurin, za mu ga ɗigo goma. Taswirar tana nan, na ga aljihun da take ciki da idona, sai dai mai makullin ya yi tafiya, sai mako mai zuwa za a buɗe mini. Da na gani zan rubuto.

Ƙanenki,
Khalidu

Malanville, 27 ga Janairu 2024

Khalidu, ɗan albarka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mu lafiya, har da ƙari.

A tasha na buɗe takardarka, ina ganin "taswirar tana nan" ban ma ƙarasa ba na hau kabu-kabu sai gida. Na ce, "Baba, an samu!" Tsohon nan da ke cewa gwiwa, sai ga shi tsaye ba sanda. Ya ce, "Ai na hwaɗa miki, jinin Badaru ba shi ba mutum kunya." Ranar ya cinye tuwo kwano guda har yana tambayar saura.

Washegari ya sa anka yanka akuya sadaka. Labari ya kai Garou kafin naman ya nuna. Danginmu na can sun zo su goma sha, kowa na faɗin inda bukkar kakanshi take, har anka kusa yin faɗa kan wanda ɗigonshi zai fi kusa da giginya. Delege ma ya aiko a gaya mishi in takarda ta iso.

Sai da dare ya yi na sake karanta takardarka a tsanake, na ga ashe ba ka buɗe ta ba tukuna. Ban faɗa ma kowa ba, ai sauran makulli ne kawai. Ka yi mata hoto mai kyau, babba, wanda tsoho zai gani. In ka zo da kanka, buhun albasa na jiranka.

Barakatu

Malanville, 14 ga Fabrairu 2024

Khalidu,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu nan muna nan.

Mako uku ke nan. Sau biyar ina tare Latifu a tasha, har ya fara kauce mini in ya hango ni. Ya ce ya je wurin aikinka, an ce kana nan lafiya. To in kana lafiya, hannunka ne ya karye? Ko mai makullin hajji ya tafi da ƙafa?

Soja sun sauke wayar, tana nan a nannaɗe bakin hanya. Kowace safiya kafin Baba ya amsa gaisuwata sai ya ce, "Ta zo?" Na ce mishi hanya ce ta lalace, na ce mishi injin hoto ne ya mutu, ƙaryata ta kusa ƙarewa. Saura kwana goma sha tara. Ko mene ne ka faɗa mini, ni ba yarinya ba ce.

Barakatu

Porto-Novo, 19 ga Fabrairu 2024

Yaya Barakatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Lafiyata lau, kunya ce da rashin sanin ta inda zan fara. Ranar da na karanta zancen akuyar, na riga na ga taswirar.

Tungar ba ta ciki, Yaya.

Na duba da gilashi har idona ya yi ja. Komai yana nan. Ga gulbi, ga gungun da ke tsakiyar ruwa, ga tudun da babana yake ba ni labari, ga giginya uku a kansa, mutumin ya zana su ɗaya bayan ɗaya. Ga Garou da ɗige-ɗigenta. Amma a kan tudunku babu ɗigo ko ɗaya, fari fat. Kewaye da wurin kuma ya ja layi da jan alƙalami, ya rubuta filin soja. Layin nan shi ne turakun simintin da kika gani, na gwada da awona, bai kauce ba. Taswira ta biyu ba ta ƙara komai ba, daga sama bukkar ciyawa a ƙarƙashin itace ba ta fitowa, kuma ba wanda ya sauka ya duba. Jan layin kawai suka kwafa. Na bi rajistar haraji ta waɗannan shekaru, nan ma ba sunan tungar.

Na ce to ko mutumin bai je wurin ba ne, ya zana daga nesa. Sai na karɓi littafinsa. Ya je. Ga abin da ya rubuta, na juya miki shi da Hausa: "Ranar 11 ga Disamba. Tudu mai kyau, ruwa ba ya hawansa. Ba gida, ba murhu, ba kabari, sai sawun shanu. Wani masunci mai wucewa, sunansa Na-Allah, ya tabbatar ta bakin tafinta cewa ba mazauni ko ɗaya daga nan har bakin ruwa. Wurin ya dace a keɓe shi don horon harbi."

Sau nawa na karanta ban sani ba. Yaya, wane Na-Allah ne wannan? In kakanmu ne, me zai sa mutum ya tsaya a kan garinsa ya ce ba kowa? Kuma ina garin ya tafi a ranar? Babana bai taɓa gaya mini wani abu mai kama da haka ba. Ki yafe mini shirun da na yi.

Khalidu

Malanville, 25 ga Fabrairu 2024

Khalidu,

Na gaishe ka. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ka gaida Zaituna.

Kakanmu ne. Babanka bai gaya maka ba don yana yaro anka kai shi kudu, amma mu nan ba ɗan da anka yaye bai san labarin ba. Da shi ake yi mana alfahari ranar suna da ranar biki. Ni kaina na ba jikokina shi ina dariya.

A shekarar ana yaƙin Anasara, duk garin da ya shiga takarda sai ya ba da samari, wasu soja, wasu aikin tilas na hanya, kuma waɗanda sunka tafi ba duka ke dawowa ba. Tungar tana da samari bakwai, kakanka Badaru shi ne ƙaraminsu, bai daɗe da aure ba. Sai wani mai jirgi ya kawo labari cewa ga Anasara can Garou da wani abu mai ƙafa uku yana leƙawa yana rubutu, jibi zai iso. Na-Allah ya tara mutane ya ce a ɗauke garin.

Ka san ginin bakin ruwa, zana ce da dirka da jinka. Yini biyu sunka kwance bukka ashirin da ɗaya da rumbuna, sunka loda a jirage zuwa bayan gungu. Mata sunka kwashe duwatsun murhu, sunka zuba toka a gulbi, sunka cike ramukan dirka. Sannan Na-Allah ya roƙi Fulanin da ke kiwo kusa sunka koro shanu sunka tattake wurin duka. Har maƙabarta, Khalidu, har kabarin uwarshi. Tsofaffi sun yi kuka, ya ce matattu sun riga sun tsira, masu rai yake ji. Shi kaɗai ya zauna da jirgi da taru kamar baƙo. Baba yana ɗan shekara shida, yana tuna hannun uwarshi a bakinshi cikin ciyawa. Bayan kwana uku anka maida gari inda yake, kuma ba a ɗauki ko mutum ɗaya ba. Da a ce ɗigon da kake nema yana kan takardar, da wataƙila ba a haifi babanka ba.

Shekara tamanin muna cewa kakanmu ya yi ma Anasara wayo. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da Anasaran ya rubuta da ya koma. Jiya na zauna a rumfa, mai saye na magana ina kallonshi ban ji ba. Wa zan yi fushi da shi? Tsohon da ya ceci samari bakwai? Sojan da anka ba takarda? Na rasa, sai kaina da na yi gaggawar cewa an samu.

Ban faɗa ma Baba ba. Na buɗe baki sau uku, sai in gan shi yana sa a wanke mishi babbar rigar da zai sa ranar kwamiti. Ka gaya mini, littafin nan zai taimake mu ko zai kashe mu?

Barakatu

Porto-Novo, 28 ga Fabrairu 2024

Yaya,

Gaisuwa gare ki da Baba. Na karanta ma Zaituna labarin, na kasa kai ƙarshe, ita ta karɓa ta ƙarasa.

Kar a kai littafin gaban kwamiti. Taswirar suna da irinta, amma ban jin sun san da littafin. In suka gan shi, shaida ce daga bakin mai garin kansa, da sunansa da kwanan wata, ba abin da za a ce bayanta. Na tambayi wani lauya abokina ba tare da na ambaci wuri ba, ya ce maganar baki ta tsofaffi ana saurarenta, amma ba ta ture takarda. Na so in zo, sai na ga ba abin da zan riƙo a hannuna. Ki gaya wa Baba kafin ranar, kada ya ji a gaban mutane.

Khalidu

Malanville, 9 ga Maris 2024

Ƙanena Khalidu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, Allah ya kai mu azumi. Mu nan da rai.

Ban bi shawararka ba, na kasa. Ranar Litinin Baba ya sa rigarshi, munka tafi, dangin Garou sun cika rumfar da kwamiti ya zauna. Mutum biyar ne a kan tebur, a tsakiya wani kaftin yaro, ɗan kudu, da tafinta a gefenshi. Da anka kira mu Baba ya ce, "Takardarmu tana bisa hanya, ɗanmu na Porto-Novo shina kawo ta." Duk ido ya juyo kaina. Na ce ba ta zuwa. A gaban kowa na faɗa, abin da ka ce kar ya faru.

Sunka shimfiɗa tasu taswirar. Baba ya ce a matso da shi. Bai san boko ba, amma ya san gulbi. Ya bi shuɗin da yatsa har ya kai gungu, ya hau tudu, ya tsaya. Ya ce, "Ga giginyunmu nan, su uku. Ina gidajen?" Kaftin ya ce babu. Sai na ga fuskar Baba ta canza, ya gane da kanshi, ba wanda ya gaya mishi.

Sai ya ba su labarin, tun daga mai jirgi har shanu. Bai taɓa ba da shi ba dariya ba sai ranar. Ya ce, "Ni ina cikin ciyawa, da idona nig ga Anasaran. Mu munka ɓoye garin, ba babu shi ba ne. Ku tahi ku tona ƙarƙashin giginyar tsakiya, uwayenmu na nan." Wani a tebur ya murmusa, kaftin ya harare shi. Sannan kaftin ya tashi tsaye ya ce ta bakin tafinta, "Baba, ni na yarda da kai. Amma ba a aiko ni da abin da na yarda da shi ba." Ba su daɗe suna shawara ba. Waya za ta bi jan layi. An ba mu zuwa ƙarshen wata mu cire albasa. Na tambayi zancen maƙabarta, sunka ce ba za a taɓa kaburbura ba, amma ba shiga, ba kuma sabon binnewa.

Dangin Garou sun watse, wasu ko sallama ba su yi mini ba, ban ga laifinsu ba. A hanyar gida na faɗa ma Baba zancen littafin, don na gaji da ɓoyo. Na karanta mishi abin da ka juya. Kwana biyu bai tambaye ni komai ba, bai kuma kalli hanyar Garou ba. Ranar Alhamis ya sa anka kai shi maƙabartar nan ta Malanville, ya zagaya da sandarshi, ya dawo ya ce ƙasar tana da tauri amma ba laifi. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Inna.

Yau da safe ina dama mishi kunu ya kira ni. Ya ce, "Barakatu, cikin littahin nan, sunan babana anka rubuta? Na-Allah, haka?" Na ce haka Khalidu ya ce. Ya ce, "Bai da hoto, bai da takardar haihuwa, kabarin ma yanzu sun rufe. Ashe akwai inda sunanshi yake. Ki ce ma yaron nan shi aiko min."

Na ce, "Baba, ita ce fa takardar da ta raba mu da tungar." Ya ce ya sani.

Don haka ka yi hoton shafin ka ba Latifu, tunda yanzu ba abin da zai ƙara ɓatawa. Ka sa a ƙara girmanshi. Ni ban iya karanta rubutun Anasaran da ba, sai ka ja layi ƙarƙashin sunan don in san inda zan ɗora mishi yatsa. Kar ka ja da ja. Kuma kar ka yi mako uku wannan karon, ban san ko yana da su ba.

Yayarka,
Barakatu